Karan da Muka Auna Shekaru da Shi

Yanzu kowane yaro da sinimarsa a aljihu, ba mai tambayar shi shekarunsa. A da kuwa mu ne sinimar: gurup mai ba da wuta, na'ura, da farin zane da muke ɗaurewa tsakanin itatuwa biyu. Na yi wannan aiki a Lome, na yi a Agadas da Kano, amma ranar da ba ta fita raina ba a gida ta same ni, a wata kolej ta Madarunfa.

Bayan girbin gero ƙungiyar da nake wa aiki ta aiko da fim na gaskiya, ba wasa ba, kan yadda manyan ɗalibai ke cin zalin ƙanana. A jikinsa an rubuta da Faransanci cewa ba na 'yan ƙasa da sha shida ba ne, don akwai duka da zagi. Ni ke haska shi, ni ke fassarawa a lasifika.

Direktan kolej ɗin ya ce doka doka ce. To, ta yaya za a san shekaru? A Lome kati ake nunawa, a Kano ba mai tambaya. Mu nan rabin yaran shekarun takardarsu kintata su aka yi. Sai Mushe Idi, malamin da ke kula da ɗa'a, ya yanko karan gero daidai kafaɗarsa, ya tsaya bakin ƙofa. Wanda ya kai kara ya shiga.

Ku duba wa ya kai kara. Duk ƙattin da ake kuka da su suka wuce suna taƙama, har da shugabansu Dogo, ɗan sha huɗu. Lawali kuwa, ɗan garin Safo mai shekara sha bakwai, ɗan tsurut, aka koro shi. A ranar ubansa, Malam Hashimu, ya zo da amalanken jaki zai kwashe shi, don yaron ya ce ya bar boko, ya kuma ƙi faɗin dalili.

Bayan magariba na kunna. Ƙattin nan sai dariya suke, kamar an kawo musu darasi. Da aka nuna an jefa takalmin wani yaro kan rufi, sai muka ji murya daga bayan zane: “Dogo ke nan.” Wata ta ce: “Mai riƙe hannun kuma Sale ne.” Mun manta zane ta baya ma ana gani, ga katangar wurin gajera ce. Duk muguntar da aka nuna, sai a kira sunan mai ita a nan. Dariya ta ci ni har fassara ta gagara, lasifika tana ta watsa ƙyaƙyatata.

Direkta ya ɗaga zanen. Ƙananan nan reras kan katanga, Malam Hashimu tsaye kan amalanke ya fi kowa miƙa wuya.

“Mushe Idi, ina karanka?”

Aka duba. Ya jingine shi a katanga, jakin Malam Hashimu ya kusa cinye shi.

“Ranka ya daɗe,” in ji Mushe Idi, “yanzu kam kowa ya kai.”

Aka shigo da su, na maido fim farko. Wannan karon ba wanda ya yi dariya a layin gaba. Da aka gama, Lawali ya miƙe ya faɗi yadda yake wanke wa Dogo kaya, da yadda ake shanye masa fura kullum. Ubansa ya dube shi.

“Abin da ka ɓoye mini ke nan, ɗan nan?”

“Baba, kunya na ji.”

“To amalanke zai koma ba kai. Mushe, ga amanarku.”

Ban ce alamar shekaru banza ce ba. Na ga finafinan da ko ni sai da na rufe ido. Amma ku matasan da ke wannan aiki yanzu, ku riƙa kallon fim tukuna, ku tambayi kanku wa ya fi bukatar shi. Tun daga ranar, irin wannan fim tare muke nuna wa manya da ƙanana, iyaye na zaune, a tattauna bayan an gama. Lawali ya kammala karatunsa, kuma ba a sake tsayawa da kara a ƙofar kolej ɗin nan ba.