Linzamin 'Yar Fari

A shekarun da noman rani ya kankama a ƙauyenmu na wajen Bunkure, 'yar farina tana da shekara huɗu, bakinta bai iya "ra" ba. Ruwa "luwa", rake "lake". Surukata ta ce linzami ne ya riƙe mata harshe, ta aika wa wanzami ya zo ran Laraba ya yanke.

Ban so ba, don na ga jinin da ɗan maƙwabta ya zubar da aka yi masa. Kuma na sha jin yarinyar a bayan ɗaki ita kaɗai tana gwada kalmar, tana jin haushin bakinta. Amma 'yar fari ce. A wajenmu uwa ba ta kiran sunanta, ba ta nuna sonta a gaban mutane, balle ta ja da suruka a kanta.

Ran Talata muna yanka tumatir muna shanyawa, na sunkuyar da kai na ce, "Inna, jikarki na jin ƙishi, ki ɗan tsokane ta mana."

Inna ta ɗago moɗa. "Ke mummuna, zo ki sha luwa."

Yarinya ta buga ƙafa. "Ba luwa ba ne! Luwa!"

"To ai na ce luwa."

"A'a! Luwa!" Har da ƙwalla. Sai da Inna ta ce "ruwa" sosai, sannan yarinyar ta ce yawwa, ta karɓi moɗar.

Inna ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Ashe kunnen ya sani, bakin ne bai iso ba." Ta sa aka gaya wa wanzami ya dakata sai an girbe shinkafa.

Ba a kai girbi ba. Wata safiya yarinyar ta ce "ruwa" tsaf, gida ya kaure da shewa. Ni na shige ɗaki na yi kuka. A da, kowa a gidan nan ya sha sa ta maimaita "luwa" ɗinta ya sha dariya, ban da ni, kunya ta hana. Yau tana can nesa da nata 'ya'yan, bakinta garau. Wallahi ina kewar wancan bakin, da na sani da ko sau ɗaya na ce mata, "Sake faɗa in ji."