Malam Garzali da 'Yan Layin Kunne

Malam Garzali Isiyaku yana da shekara arba'in da ɗaya, malami ne a wata firamare da ke Dagumawa a ƙaramar hukumar Wudil, kuma shi ke riƙe da 'yan aji biyar tun suna aji uku. A Sabon Gari yake zaune. Kullum da safe yakan taho a kan babur, da ƙaramar fiyano mai batir ɗaure a baya da roba.

Koyarwa ba ita ce burinsa ba. Yana saurayi ya so ya zama mawaƙi. Ya yi ta zarya Kano wajen masu situdiyo har ya fitar da waƙoƙi uku, biyu na biki, ɗaya ta wani ɗan takarar kansila da ya sha kaye. Na tambaya a Wudil, ban samu wanda ya tuna baiti ɗaya daga cikinsu ba. Da abin ya ƙi, sai ya kakkaɓe takardarsa ta malanta ya nemi aiki.

Shekara biyu da suka wuce aka tura shi bitar kwana uku a Kano. A can aka gaya musu cewa yara ba hanya ɗaya suke ɗaukar karatu ba: wani sai ya gani, wani sai ya ji, wani sai ya taɓa. Sauran malaman sun dawo da jaka da biro. Shi kuwa ya dawo da abin da ya daɗe yana nema, wato hujjar shigo da fiyano aji.

Ranar Litinin ya raba yara saba'in da huɗu gida uku. Gwajin da ya yi musu shi ne kiɗan tebur. Duk wanda ya gyaɗa kai ya tura shi layin taga, ya ce su ne 'yan kunne. Waɗanda suka zuba masa ido suka zama 'yan ido, masu mutsu-mutsu kuma 'yan hannu. Littattafan karatun Hausa ashirin ne a ajin. Ya raba wa 'yan ido da 'yan hannu, ya ce 'yan kunne ba sa bukatar takarda, waƙa ta ishe su.

A layin kunne Juwairiyya ta faɗa, yarinya mai zaƙin murya. Ita ke ba da waƙa, sauran su amsa. Darasi goma sha biyu ya sa wa kiɗa, ta haddace su duka. In baƙi sun zo, sai a ara mata littafi, ta ɗora yatsa a kan layi tana ja tana rerawa. Baƙi su tafa, Malam Garzali ya ɗauka a waya.

Mahaifiyarta Barakatu, mai sayar da awara, tana karanta Alƙur'ani amma ba ta yi boko ba. Burinta ɗaya ne: baɗi 'yarta ta ci jarrabawar shiga ƙaramar sakandare. Wata rana ta kai ƙanin Juwairiyya asibiti, aka rubuta mata yadda za ta ba shi magani, da Hausa, a jikin kati. Ta dawo gida ta miƙa wa 'yarta.

Juwairiyya ta ɗora yatsa a kan katin. Can sai ta fara rera darasin noman gero, ƙasa-ƙasa.

"Ke, gero kuma?" in ji uwar. "Likitan ne ya ce a ba shi gero?"

Yarinyar ta fashe da kuka.

Washegari Barakatu ta yafa mayafi ta nufi makaranta. Malaman da ke wurin sun ce ta gaishe da Malam Garzali yadda ya kamata, ta tambayi aiki da iyali, sannan ta ce, "Malam, yarinyar nan ba ta iya karatu ba."

"Haba Hajiya, ai 'yar kunne ce. Basirarta a kunne take. Masana ne suka yi bincike."

"To ranar jarrabawa kunnen za ta miƙa musu?"

"Ba ki gane tsarin ba ne."

"Ban gane ba kam. Amma gaya mini, Malam, za su bar ka ka shiga da fiyanon taka ka buga mata amsa?"

Sai ya ce lokacin darasi ya yi.

Malamar aji biyu, Malama Rahinatu, tana jin su. Ita ma da waƙa take koyar da baƙaƙe da wasula, kuma ba ta taɓa zuwa bita ba. Bambancin shi ne, in an gama rerawa takan ce kowa ya rufe baki, ta nuna harafi ɗaya a tsakiyar allo ta tambayi sunansa. A lokacin tara ta kira 'yan layin kunne ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe musu shafin da ba a sa wa kiɗa ba. Su ashirin da shida ne. Huɗu suka iya karantawa, kuma su huɗun suna da yayye masu littafi a gida.

Da aka nuna wa Malam Garzali wannan, sai ya ce shafin ne bai dace da basirarsu ba.

Barakatu ba ta sake yi masa magana ba. Ta roƙi Malama Rahinatu, aka amince. Yanzu kullum bayan tara Juwairiyya takan bar ajinta ta je ta zauna a tabarma cikin 'yan aji biyu, ta fi kowa tsawo, suna yi mata dariya. Mako bakwai ke nan. A makon jiya ta ɗauko tsohon katin asibitin nan ta karanta wa uwarta, da ƙyar, tana tsayawa: cokali ɗaya, safe da yamma. Sauran ashirin da ɗayan suna nan a bakin taga suna amshi.

Ranar Asabar da ta wuce an yi taron malamai a Sabon Gari, aka ba Malam Garzali minti goma. Ya ciro wayarsa ya nuna bidiyon Juwairiyya tana jan yatsa a kan littafi tana rera noman gero, ya ce ga shaidar tsarinsa nan. Ya nemi a ba shi dama ya kai shi makarantun Lajawa, sannan ya kunna fiyano.