Salansar Babur Ɗina da Shanun Ardo

Shekarun baya masu yawa, daf da Turawa za su miƙa mulki, ina aikin malamin dabbobi a ƙasar Rano. Aikina shi ne in bi rugagen Fulani, tun daga Rano har bayan Kibiya, ina yi wa shanu allurar rigakafi. Saurayi ne ni a lokacin, ban yi aure ba, ga rawar kai, ga kuma babur.

Babur ɗin na same shi ne a hannun wani Bature ɗan Italiya mai aikin gini a Kano, da zai koma ƙasarsu ya sayar mini. Ja ne, siriri, mai dogon tanki, sai ka ɗan kwanta kafin hannunka ya kama kansa. Don tsere a kan kwalta aka ƙera shi, ni kuwa na jefa shi burtalin shanu. Amma ya yi mini rana. Maganin allura daga Kano ake karɓo shi a cikin fulas mai ƙanƙara, in ƙanƙarar ta narke maganin ya lalace. A kan keke ba ka isa rugagen nesa da shi lafiya.

Damina ɗaya na yi ina tsallaka rafi da shi, salansar ta yi tsatsa ta rube, ranar nan ta rabe biyu ta faɗi a hanya. Abokina direban lori, wanda ke jigila tsakanin kasuwar Kibiya da Kano, ya ce in biyo shi mu nemo wata. Muka zaga shagunan Sabon Gari kaf, duk kayan baburan Ingila ne, babu na Italiya. Daga ƙarshe wani mai shago ya fito mana da guda biyu. Ɗaya baƙa ce, mai ƙaton ciki, ta babur ɗin Ingila, ya ce in an ɗan lanƙwasa wuyanta za ta zauna. Ɗayar kuwa doguwa ce, tana ƙyalli kamar madubi, bakinta a buɗe kamar kakaki. Na leƙa cikinta, na hango hasken rana ta ɗaya gefen. Babu komai a ciki.

Abokina ya dafa kafaɗata ya ce, "Wannan ita ce ta 'yan tsere. In ka taso daga Rano, a Kibiya za a san ka taso."

Ban sake duban baƙar ba. Na haɗa da madubai biyu, da ham na roba, da tuntayen fata masu launi na rataya a hannuwa. Mai shagon ya nuna mini kariya, ya ce za ta yi mini amfani wajen ɗaukar kaya. Na ce a'a, za ta ɓata wa babur fasali. Fulas ɗin magani kuwa na ci gaba da goya shi da tsohon rawani, kamar mai jego.

Ranar da na shigo Rano da sabuwar salansa, kaji sun sha gudu. Mutane suka fito ƙofar gida suna kallo, ni kuwa na ɗauka sha'awa ce.

A ƙarshen daminar nan aka fara jin ƙishin-ƙishin ciwon bushiya ya ɓulla can kudu. Wanda ya san ciwon nan ya san yakan share garke guda cikin 'yan kwanaki. Akwai wani Ardo a dajin Tarai, dattijo mai magana ɗaya, wanda na yi wata da watanni ina lallashi. Fulani ba su yarda da mu ba a lokacin, suna ganin duk mai zuwa da takarda ɗan leƙen asirin jangali ne. Da ƙyar ya amince ya tara shanunsa da na mutanensa wuri guda, ya sa mini rana.

Na iso da hantsi. Daga nesa na hango farare da jajaye sun cika fili, an kewaye su da ƙaya, matasa na tsaye da igiyoyi. Daɗi ya kama ni. Maimakon in kashe inji in gangara, sai na murɗa totur don su san malam ya iso.

Abin da ya biyo baya, har yau in na tuna sai na runtse ido. Garken ya fashe gaba ɗaya. Suka take shingen, suka auka gonar dawar wani manomi da ke gefe, suka kwantar da ita. Wata saniya mai ciki ta zurma cikin kwazazzabo ta karye a ƙafa. Ina tsaye riƙe da babur aka kawo wuƙa aka yanka ta.

Ardo bai ɗaga murya ba. Ya zo ya tsaya gabana, ya dogara sandarsa, ya daɗe yana kallon salansar nan mai ƙyalli.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kuskure ne. Gobe zan ajiye shi can nesa in tako da ƙafa."

Ya ce, "Malam, wannan abin naka tun daga bayan dutse muke jin sa. Shanun nan sun riga sun san muryarsa. Ka ce ka zo ka tsare su daga mutuwa, ga ta nan ka kawo ta da kanka." Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo. "Nan da kwana goma za mu tashi, kudu za mu yi. Ranar da ka shigo rugar nan a kan wannan abu, saniya ba ta razana ba, ranar za ka taɓa dabbata. In ba haka ba, kowa ya kama gabansa."

Kudu, inda ciwon yake. Na koma gida da maganin da ya lalace a bayana, na kwana biyu ban iya cin abinci sosai ba. Na roƙi abokina ya nemo mini baƙar salansar nan, ya dawo ya ce an saye ta, wata kuwa sai an yi odarta daga Ikko, ba a san ranar zuwanta ba. Ya ce, "Ka rubuta wa ofis ka ce Fulanin sun ƙi. Ai ba yau suka fara ƙi ba." Da na rubuta, da ba wanda zai tuhume ni. Amma ni na san wanda ya kore su.

Sai na tura babur ɗin zuwa maƙerar kawuna, ƙanen mahaifiyata. Fartanya da lauje da wuƙa yake ƙerawa, bai taɓa taɓa inji ba. Na same shi yana gyara bakin gatari, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai.

Ya ce, "Ashe kai ne ke hana mu jin kiran salla."

Na sunkuyar da kai.

"To, me kake so in yi maka, ɗan nan?"

"Kawu, so nake ka ƙera mini abin da zai rufe masa baki."

Ya sa na tayar da injin, ya tsuguna ya kara tafin hannunsa a bakin bututun, yana jin yadda hayaƙin ke dukansa. Ya ce in kashe. "Ban taɓa yi ba. Amma ƙarfe ne da iska, su kuwa na san su. Kawo garwar kananzir."

Ta farko da garwar muka yi ta. Ya naɗe ta, ya dake bakin, muka ɗaura. Ƙarar ta ragu kaɗan. Na kama hanyar Lausu don gwaji, ban yi nisa ba ta yi ja, ta tsage, ta koma kaɗawa kamar an ɗaura wa jaki gwangwani. Na dawo da ita a hannu, na naɗe da ganye don zafi.

Ta biyu da ƙarfen tsohon duro muka yi, mai kauri. Kwana biyu ina zuga masa wuta yana duka, hannuwana suka yi kanta. Ya toshe ƙarshenta, ya bar 'yar ƙaramar kafa. Da na tayar, sai ka ce mage ce ke gurnani. Na yi tsalle na ce an gama. Kawu ya ce, "Je ka dawo tukuna." A hawan farko da na tarar babur ya fara shaƙewa, ya yi zafi, ya mutu. Na turo shi da tsakar rana har cikin gari, rigar kakina ta jiƙe sharkaf, masu dawowa daga gona suna yi mini sannu suna danne dariya. Kwana shida sun tafi ke nan.

Na zube a bakin maƙera na ce, "Kawu, in ya yi shiru ba ya tafiya, in yana tafiya ba ya shiru."

Ya daɗe yana kallon ƙofar gidansa da ke daura da maƙerar. Can ya ce, "Tashi ka tsaya a bakin zauren can. Kana hango tsakar gida?"

Na je na tsaya, na ce, "A'a."

"Amma kana iya shiga?"

"Ina iyawa."

"Don me ba ka hangowa?"

Na duba. Ƙofar zaure tana nan, ta shigifa tana can gefe, ta cikin gida kuma ta sake kaucewa.

Ya ce, "Mu toshe masa hanya muka yi. Ba toshewa za mu yi ba. Ɗakuna za mu yi masa, kowace ƙofa ta kauce wa 'yar'uwarta. Kafin ya zagaya ya fita, fushinsa ya huce."

Ya yanka faya-fayan ƙarfe uku, ya huda kowanne a gefe daban. Sai ya ce saura bututun da zai shigo da hayaƙin ɗakin farko, inda wuta ta fi ƙarfi, kuma duk ƙarafan da ke maƙerar babu mai jure wannan zafin. Yana faɗa yana kallon salansata mai ƙyalli, wadda na jingine a bango na lulluɓe da buhu don kada toka ta taɓa ta.

Na ce, "Kawu, ba wata dabara?"

Ya ce, "Akwai. Ka ɗauki abarka ka tafi gida."

Ni da kaina na ɗauko ta na ɗora a kan uwar maƙera, na riƙe masa da awartaki. Ya sa kurfi ya datse bakin kakakin nan, ya bi jikinta da huji kamar rariya. Kowane duka a ƙirjina nake jin sa. Ya zura ta cikin ƙarfen duron, ya jera faya-fayan, ya dake da ƙusoshin da ya ƙera da kansa. Da ya gama, abin ya fito baƙi, mai ƙusumbi, kamar tulun da ya sha hayaƙi. Da ragowar ƙarfen kuma ya lanƙwasa mini kariya, ba tare da ya tambaye ni ko za ta ɓata fasali ba.

Na hau hawan nan da ya kashe mini inji, babur ya haye ba gardama. Na dawo na zagaya jakin kawu sau uku, jakin bai daina cin harawarsa ba.

Ranar kwana na tara na karɓo magani daga Kano da sassafe, na ɗaure fulas a kan kariya, na rufe da jiƙaƙƙen buhu. In Ardo ya ƙi, magani ya sake lalacewa a hannuna karo na biyu, wannan kam ba ni da abin faɗa wa ofis. Na isa rugar na tarar mata sun fara kwance bukkoki. Na shiga burtalin a hankali. Wani bijimi ya ɗago kai, ya kaɗa kunne, ya mayar. Wani ɗan maraƙi na shan nono a bakin hanya, na wuce ta gefensa bai saki ba. Na tsaya a gaban Ardo, injin na ci gaba da bugawa.

Ya zagaya babur ɗin, ya sa sanda ya ƙwanƙwasa baƙar salansar.

"Wa ya yi wannan?"

"Kawuna ne, ranka ya daɗe. Maƙeri ne a Rano."

"Shi ya kamata a ba aikinka." Ya juya ya yi wa matasansa magana da Fillanci, sai na ga ana ɗauko igiyoyi.

Har la'asar muna kayar da shanu ina yi musu allura. Da na gama, hannuna ko kofi ba ya iya riƙewa. Washegari suka tashi. Da ruwan farko ya sauka suka dawo, garkensu a cike, alhali wasu da suka bi hanya ɗaya da su sun dawo da sanda kawai. Ardo ya same ni ranar kasuwar Kibiya, ya miƙo mini ƙwaryar man shanu. Na sa hannu biyu ina godiya, ya ce, "Ba naka ba ne. Ka kai wa maƙerin."

Yanzu in na ji samari suna wucewa a kan babur sun fasa salansa, jama'a na tsaki, ni ba na iya yi. Na san abin da suke ji a ransu, daɗi ne da shi, na ɗanɗana. Sai dai ni saniya mai ciki ce ta biya kuɗin karatuna, kuma har yau ban daina jin nauyinta ba. Tun daga lokacin, duk abin da zan ɗaura wa abin hawa, sai na fara tambayar kaina wurin wa zan je da shi.

Na yi shekaru ina roƙon kawu ya hau bayana in zaga da shi gari, ko sau ɗaya. Bai taɓa yarda ba har Allah ya karɓi ransa. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Wanda ke kan babur ba ya jin aikin. Kai dai wuce." Sai in wuce. In na duba madubi, sai in hango shi a bakin maƙera, ya ajiye guduma, ya karkata kai, yana saurare.