Ya Fanna Ba Ta Barin Baƙo Ya Zauna

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ƙarar da na ji ke nan daga kicin ran nan da hantsi, ina tsakar gida ina shanya. Da na leƙa sai ga 'yata Safiya a tsugune gaban kwalin kifin da aka aiko mana daga Nguru, ta ɗauki bandar tarwaɗa guda ta kara a kunne kamar mai amsa waya, tana ƙwanƙwasa ta da farce. Ban tambaye ta inda ta koya ba. Na dai koma bakin rijiya na zauna da jiƙaƙƙen zane a hannu, ina dariya ni kaɗai har da hawaye.

Ku da kuka san Ya Fanna kun san aikin wa ke nan. Gwaggon maigidana ce, ita ta riƙe shi a Nguru tun yana ƙarami, da cinikin bandar kifi ta yi masa karatu. Ba ta sayen kifi da ido. Cewa take yi ana shafa wa kifi mai a ruɗi ido, amma ba a haifi wanda zai ruɗi kunnenta ba. In ya yi ƙwas, ya bushe har ciki. In ya yi luɓus, sai ta miƙa wa mai shi abinsa ta ce, "Malam, wannan bai gama mutuwa ba."

Ni dai ba kifin ne ya dame ni da ita ba. A wurin Ya Fanna mutane iri biyu ne: waɗanda ake kaiwa yawo, da waɗanda ake aika. Baƙo ana jan sa ya ga gari, ana lallaɓa shi, ba a yi masa faɗa ko da ya fasa randa. Ɗan gida kuwa aike da faɗa, safe da yamma. Ni kuma tun ranar da na fara taka gidan ta sa mini suna Baƙuwa, sunan ya manne. Na haihu, na sake haihuwa, yaran tana kiran su da sunayensu tana dungure musu kai, uwarsu tana nan Baƙuwa. Za ku yi dariya, amma wallahi na yi shekaru ina roƙon Allah a sujada ya sa matar nan ta yi mini faɗa.

Zuwana na farko ina amarya, mun sha hanya daga Kano har ƙafafuna sun kumbura. Ta tare mu da gaisuwar wushe-wushe irin ta Barebari, ta ba ni ruwa, na yi salla, na ci abinci. Ina ajiye cokali na ji ana jan tabarmar da nake kai.

"Tashi, Baƙuwa. Kwanakinki kaɗan ne, garin kuma da yawa."

Maigidan ya ce, "Ya Fanna, a bari ta ɗan huta mana."

"Modu, a Kano babu tabarma ne? Tabarma ka kawo ta gani?"

Kasuwar kifi muka nufa, tana gaba cikin laffayarta ina biye. Tun daga nesa warin ya tare ni. Na ja hijabi na rufe hanci, na zaro ɗan turarena a jaka ina fesawa a ɓoye, a zatona ba wanda ya gani. Ba ta ko waiwayo ba ta ce, da murya mai taushi irin wadda ake yi wa baƙi, "Saki hancin nan, Baƙuwa, ki gaisa da shi. Warin nan shi ya biya sadakinki." Masu ɗaure kwalaye suka ajiye igiya suka yi dariyarsu mai isarsu. Har yau in na shiga layin nan akwai wani tsoho da yake tambayata ya turare.

Daga nan sai tashar jirgin ƙasa, a ƙafa. Ya Fanna ba ta hawa adaidaita a cikin gari. A ganinta abin hawan marasa lafiya ne da masu jego, mai ƙafa biyu lafiyayyu in ya hau ya yi wa Allah butulci. Muka isa ina haki, ta tsayar da ni a gefen dogo, ta hana ni matsawa kusa. Awaki na kiwo a tsakiyar layin. Na gyara tsayuwa, na kama jakata da kyau, ina duban gabas ina duban yamma.

Da na gaji na ce, "Ya Fanna, yaushe jirgin zai iso?"

"Wane jirgin?"

"Ba jirgi muke jira ba?"

"Ni ban yi alkawari da shi ba." Ta ja hannuna har inda ƙarfen ya ƙare, ta nuna da ƙafa. "Nan na kawo ki ki gani. Turawa sun taso da shi tun daga bakin teku, sun wuce garinku ba su tsaya ba. Da suka zo nan suka ɗanɗana kifi, sai suka ce to ina kuma za mu?"

Duk baƙon da ya taɓa kwana a gidan nan ya ji wannan bayani. Wani malamin tarihi da ya zo ɗaurin aure ya so ya gyara mata, ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi ko shi ya riƙe musu guduma.

Maganar kwalekwale kuwa, da so samu ne a binne ta da ni, amma na san in ban faɗa ba wani zai faɗa da ƙari. Ni 'yar cikin birni ce, ruwan da na sani shi ne na bokiti. Wani zuwa bayan damina ta ce sai na shiga tafki na ga tsuntsaye. Ina sa ƙafa abin ya yi gefe, na kama bakinsa da hannu biyu na fara karanto duk addu'ar da aka koya mini a Islamiyya, har da ta shiga kasuwa. Muna nisa kaɗan kwalekwalen ya maƙale a cikin kacalla, ciyawar nan doguwa da ta cinye bakin ruwa. Mai tuƙi ya tura gora, abin ya yi girgiza. Na ce shi ke nan, kwana ya ƙare.

"Ya Fanna, in kin fita ki ce wa maigidan na yafe masa. 'Yan kunnena kuma a ba ƙanwata."

Ta ce, "To. Sarƙar fa?"

Ina cikin kalimar shahada na ji facal-facal a gefena. Na buɗe ido ɗaya. Wata Bafillatana ce da ƙwarya a ka, ta ɗan tattare zane, ruwan ko gwiwarta bai kai ba. Ta dube ni, ta dubi Ya Fanna, ta ce, "Za ku sha nono?" Ya Fanna ta gyara zama ta shiga tayi. A nan tsakiyar halakata aka dama mana fura. Tsuntsayen ma an ce sun yi ta wucewa garke-garke, ni dai ban ga ko ɗaya ba.

Amma duk wannan bai kai abin da na yi a Gashuwa ba. Kun san gabarta da kifin Gashuwa. Tana kai baƙo can ne kawai don ya dawo ya ba da shaida cewa na Nguru ya fi. Tana da aminiya a can, Hajiya Jummai, 'yar Bade, tun suna 'yan mata suke wannan musu ba wadda ta sauka. Muka tafi da safe a mota, ta ɗora mini wani kwali a cinya ta ce in riƙe. Ta kai ni kan gada na ga kogi, na ga masunta suna yawo a ruwa kwance kan manyan goruna kamar ba 'ya'yan mutane ba. Da azahar muka koma gidan Hajiya Jummai, aka kawo burabusko da miyar kifi. Jama'a, ban taɓa cin miya irin wannan ba. Na ci, na ƙara, na tsotse kai.

Hajiya Jummai ta ce, "Baƙuwar Fanna, ya kika ji miyar tamu?"

Sai shaiɗan ya raɗa mini cewa ga ranar da nake jira. Na goge baki, na yi fuskar masana, na ce, "Miya ta yi, Hajiya, Allah ya saka. Sai dai kifin, gaskiya bai kai na Nguru ba. Akwai ɗan ƙarnin taɓo."

Sai Hajiya Jummai ta kwanta a kan tabarma tana dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Ya Fanna ta suɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Kifina ne. Shi ne kwalin da kika rungumo tun daga Nguru." Ashe ba ta taɓa zuwa Gashuwa ba tare da nata kifin ba, don ba ta yarda na can ya shiga cikinta.

Na sunkuyar da kai ina jiran saukar faɗa. A raina har ina cewa ko banza yau na samu. Sai kawai ta turo mini kwanon ta ce, "Ƙara miya, Baƙuwa." Wannan ƙarin miyar ya fi mari ciwo.

Bara da muka je hutu mun same ta a kwance, ƙafa ta ƙi. Matar da ta auna Nguru da tafin ƙafarta, sai an riƙe ta take zuwa alwala. Muna nan wasu mata biyu suka zo duba ta daga Zariya, dangin mijin jikarta, ba su taɓa zuwa garin ba. Suka ci abinci, suka miƙe ƙafa a tabarma. Na ga idonta yana kai yana komowa tsakaninsu da ƙofa, abin yana cin ta. Can ta ce, "Zulai, tashi ki kai baƙin nan su ga gari."

Sai da na waiwaya in ga wace Zulai ce ta shigo. Ni kaɗai ce mai sunan a ɗakin.

Na ɗauki hijabi, na kama hannun Safiya, na sa baƙi a baya. Muna fita na gane wani abu: duk shekarun nan ban taɓa kallon hanya ba, bayan laffayarta kawai nake bi. Na nufi tashar jirgi da su, muka ɓulla kasuwar dabbobi. Na ce musu ai dama da nan ake farawa. Muka juya, muka sake ɓullowa kasuwar dabbobi ta wata ƙofar. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Maman Safiya, wannan raƙumin kamar mun gaisa da shi ɗazu." Ƙarshe na tsayar da adaidaita. Ban ce su yi ƙarya ba, Allah ya gani, na dai ce kada su tayar da maganar.

Muna yin sallama ba ta dubi fuskar kowa ba, ƙafafunmu ta duba.

"Ƙafafun nan ba su taka Nguru ba. Keke kika hau da su."

Daga nan ta buɗe mini wuta. Ta fara da Hausa, da Hausar ta gaza ta koma Barbarci. Shashasha, raguwa, mai kan kwakwa, shekara da shekaru tana jan ni kamar akuya ban riƙe ko lungu ɗaya ba, na zubar mata da mutunci a gaban mutanen Zariya. Baƙin suka ji tausayina, babbar ta ce, "A yi haƙuri, Iya, ai ta yi ƙoƙari."

"Ku ba ruwanku, ku baƙi ne. Tsakanina da 'yata ne."

Na fita sumsum na zaga bayan ɗaki inda tsohon murhun bandarta yake, na zauna na sha kukana. Wata mata 'yar gidan ta biyo ni tana ba ni baki, wai halin tsufa ne, kada in riƙe ta. Na kasa gaya mata cewa tun da na yi aure ba a taɓa ba ni kyauta irin wannan ba.

Ba mu sake ganawa ba. Bayan damina aka bugo mana waya da asuba.

Allah ya jiƙan Ya Fanna, ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata mata makwancinta. Yadda ta riƙe maraya har ya zama mutum, yadda ba baƙon da ya taɓa fita gidanta da yunwa ko kewa, Allah ka karɓe ta karɓar mai gida, ka nuna mata gidanta a Aljanna lungu-lungu. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Jiya bayan la'asar ina wannan addu'a a fili, Safiya na gefena a kan sallaya. Ta shafa, sannan ta ce, "Umma, hutun nan ke ce za ki kai mu bakin ruwa ko? To ki bar ni in shige gaba, ke ki biyo ni."