Yadda Aka Hutar da Hamma

Hamma mutumin Roni ne. Ya kai arba'in, amma tunaninsa na ɗan shekara bakwai ne, ƙafafunsa kuwa kowacce da shawararta. In ya taho hannu rabbana, tsakuwa guda ta isa ta kai shi ƙasa. Amma a ɗora masa tulu cike da ruwa, ka sha kallo! Wuya ya miƙe, ido ya tsaya wuri ɗaya, yatsun ƙafa na laluben ƙasa kafin ya taka. Yayarsa Dela ce ta gano haka, tun kafin a sauke tutar Bature. Shekara goma sha biyar yana kai ruwa gidaje ta tsakanin duwatsu, tulu biyu kacal ya fasa, ɗayan ma jaki ne ya ture shi. Duk ƙofar da ya sauke sai ya ce, "Ni na kawo!"

Sai arzikin man fetur ya faɗo, ya sami ƙaninsu Muhammadu Lawal, akawu a Kazaure. Ya zo ya rushe zauren ƙasa na gidansu, ya gina na siminti, da matakala uku masu sulɓi kamar an shafa musu man shanu. Nan ne ya tuna yana da wa.

"Yaya Dela, wana guda yana ga-ruwa? Me za a ce da ni a ofis?"

"Za a ce wanka ya fi ka aiki, Malam Akawu. Tulun nan shi ke riƙe da shi."

"Wannan camfi ne. Ina kika karanta?"

Ina kuwa za ta karanta, ita da ba ta da biro a aljihu? Aka raba Hamma da tulu, aka sa masa takalmi sau-ciki mai tudun dunduniya, irin na 'yan Kano. Ya duƙa yana leƙen ƙafarsa.

"Yaya, ba na jin ƙasa."

"Za ka saba," in ji mai ilmi.

Kwana huɗu Hamma ya yi yana sabawa. Ran na biyar aka kira azahar, ya taso da sauri, matakala ta biyu ta karɓe shi. Ƙugu ya karye. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙashi ya kama a karkace.

Hamma ya ƙara shekara tara a duniya, a kan kujerar zauren nan, cikin riga mai guga. Da mai ruwa ya gifta sai ya dafa kujera zai tashi, Dela ta riƙe masa kafaɗa. Akawu kuwa in ya zo da baƙi yakan nuna shi da baki, ya ce, "Wana ne. Ai mun hutar da shi."