Jarkar Kawu da injin da ke cin iska

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da ƙanena, shi duk a takure kamar mai zuwa gaban alƙali. Ya samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, amma Kawu da ya rene mu a Kagara ya ce ba inda za shi sai ya ji amfanin karatun da kunnenshi. Ga shi saura mako guda a rufe karɓar ɗalibai.

Hanya ba laifi, ban da ramuka da kuɗin mota da ya ninka. A Marnona munka tsaya cin masa, mai masar ta zabga muna yaji kamar da gayya. Ƙanena ko ɗaya bai taɓa ba, yana ta bitar manyan kalmomi. Na ce, malam, Kawu fa za ka gani, ba farfesa ba.

Daga Goronyo babur ya kai mu Kagara. Kawu na fadama, tsugune gaban injin ban-ruwa, fetur ya ƙare, albasa ta fara laushi. Wallahi sai da na ji tausayinshi. Bayan doguwar gaisuwa ya dubi ƙanena ya ce, "To, mi kaka karantawa?"

Bitar nan duk ta gudu. Ya dubi injin ya ce, "Kawu, ciwonku ɗaya da tauraron ɗan'adam. In yana shawagi ƙasa-ƙasa ya fi ganin gonaki, amma can akwai 'yar siririyar iska, ba ta isa numfashi, sai dai tana ja mashi birki. Dole ya dinga ƙona mai yana tura kanshi. Ran da man ya ƙare, ya faɗo ya ƙone. Mu injin da za ya haɗiye iskar muke nema, wutar rana ta feso ta baya, tafiya ta ci gaba."

Kawu ya ɗago kai ya ce, "Iskad da ka tare shi, ita za ya ci?"

"Ita, Kawu."

"Ba jarka?"

"Babu."

Kawu ya juya busasshiyar jarkarshi ta fetur, ya ce, "Tashi ka tai, Allah shi yi albarka. In ka gama da na bisa, ka tuna da wanga na ƙasa."

Mun biyo ta Wurno da la'asar, can ƙanena ya rama cin masar safe har da ƙari, magariba ta iske mu gida. Abin da na koyo, tsoho bai ƙi boko ba, so yake a yi mashi magana da abin da ke damunshi. Jarkar da munka ciko mashi kafin mu taso, kwana biyu kawai za ta yi.