Labulen Ɗakin Anti Riƙe-Numfashi

Masu gadin asibiti sun ce ita ke fara shigowa, tun mai shara ba ta gama goge baranda ba. Mai shara ta ce a shekara ashirin da shida sau ɗaya ta ji ta ɗaga murya, ranar da ƙadangare ya faɗo mata a kafaɗa. Likitoci cewa suke idonta ya fi na'urar gani. Marasa lafiya kuwa, da suka fi kowa saninta, ko sunanta ba su riƙe ba. Anti Riƙe-Numfashi suke ce mata, don abin da take faɗa ke nan tun safe har rana ta take: "Ja numfashi. Riƙe. Yawwa, saki."

Aikinta ɗaukar hoton ciki ne, a ɗan ɗakin da ke ƙarshen baranda, inda ake turo waɗanda suka gama maganin ciwon daji ana duba su lokaci-lokaci. Da ta iso sai ta tsoma kwalbar man da ake shafa wa ciki a kwanon ruwan ɗumi, kada sanyinsa ya zaburar da mutum. Sannan ta kashe fitila. A duhun nan allon na'ura kaɗai ke haske, hanta na shawagi a kansa kamar gajimaren yamma, toka-toka, tana zuwa tana komawa da numfashin mai ita. Wasu har gyangyaɗi suke yi.

A kan gadon ɗakin nan wata maɗinkiya ta kwanta, shekara biyu bayan an cire mata mama ɗaya. Ta saba Anti ta zagaya hanta ta wuce. Ran nan sai ta ji kan na'urar ya tsaya a ƙasan haƙarƙarinta na dama, ya tafi, ya dawo. Sau biyar aka ce ta riƙe numfashi. Tana ƙirgawa.

"Anti, me kika gani?"

"Likita zai yi miki bayani, ƙanwata."

"Ke nake tambaya."

"Na sani."

Likita ya ce wani ɗan tabo ne a hanta, bai kai ƙwayar wake ba. Mai yiwuwa ba komai ba ne, mai yiwuwa kuma ciwon ne ya leƙo. Ya yi ƙanƙanta da a yanke masa hukunci. Ya ce ta dawo bayan wata uku a ga ko ya girma.

Maɗinkiya ba ta nufi ƙofar fita ba. Ta koma ƙarshen baranda, ta banka ƙofar ɗakin hoto a gaban duk masu jira a benci.

"Kin gani da idonki kika yi min gum! Wata uku! Ke dai babu tausayi a ranki. Kin saba kallon mutuwar mutane a allo kamar mai kallon talabijin!"

Anti ta ɗauki guntun bandeji, ta auna taga da shi, ta ƙulla a tsawo, ta ƙulla a faɗi, ta miƙa mata.

"An ce ɗinki kike yi. Dubi labulen nan, duk ya cinye, haske na shigowa yana ɓata min hoto. Ki ɗinko min mai kauri ranar da za ki dawo."

Don takaici ma maɗinkiya ta karɓa.

A gida ta lulluɓe keken ɗinki, ta mayar wa mutane da yadinsu. Kwanaki suka zama kamar tafiya cikin ruwa. Tana zaune a tsakar gida sai ta ga tabon a ko'ina: a jikin bango, a ƙasan kofi, a tsakiyar gajimare. Hannunta kullum yana kan haƙarƙari, tana lalube ko za ta ji shi. Mijinta yakan ce, "Wannan tabon ya fi ni gata a gidan nan, ni yaushe rabon da a dafa ni haka?" Ba ta dariya. Shi ma dariyar iyakarta baki.

A mako na uku tana neman katin asibiti a jaka sai bandejin nan mai ƙulli biyu ya biyo hannunta. Haushi ya taso mata sabo. "Zan ɗinka mata," ta ce wa mijin, "don kada ta ce mutuwa na yi da aikinta a wuyana." Ta yaye keke. Ta yi wa labulen shafi biyu. Ta ga ya yi fili da yawa, ta soma yi masa ado a baki, ganye bayan ganye, kowace safiya guda. Maƙwabta suka ji ƙarar keke, suka fara dawo da yadinsu. Ba wai tsoron ya tafi ba ne. Wuri ya samu ya zauna a gefe, ita kuma tana aiki.

Sai ranar da ta kai labulen ta kalli ɗakin da kyau. Kujerar da Anti ke zama wani kafinta ne ya yi ta. Tukunyar fure a taga ta wani mai lambu ce. Baƙaƙen da ke jikin ƙofa rubutun wata malamar makaranta ne. Kowannensu an taɓa ce masa ya dawo bayan wata uku, Anti kuma ta ba shi aiki. Wata ƙaramar ma'aikaciya ta taɓa tambayar dalili, Anti ta ce, "Ba ni da ikon cewa lafiya, ba ni da ikon cewa ba lafiya. Amma wata uku ba a zaman su da hannu a rungume."

Tabon maɗinkiya bai motsa ba. Bayan wani hoton likita ya ce ya fi kama da dunƙulen jijiyoyin jini, irin wanda wasu ke rayuwa da shi ba su sani ba, amma za a ci gaba da sa ido. Ba kowa ne ya samu irin wannan labarin ba. Kafintan ya rasu. Sai dai matarsa ta ce watannin da ya yi yana goge kujerar nan su ne na ƙarshe da ta ji yana fito a shago.

Anti, ke ce mai ɗumama mai don cikin da ba naki ba. Ke ce kika haɗiye zagi, kika mayar da aiki. Ba ki taɓa sayar wa kowa ƙaryar kwantar da hankali ba, ba ki kuma sallami kowa hannu wofi ba. Mun gode, Anti. Allah ya saka, ya sa hutun ajiye aiki ya yi albarka. Masu zama a kujerar nan bayanki, da duk mai jinyar wanda aka ce ya jira, ku dubi yadda ta yi: in ba ku da amsa kada ku ƙirƙira, ku ba mutum abin da zai tashi dominsa gobe.

Saura abu ɗaya. Shekara huɗu maɗinkiya tana zuwa, kowane zuwa da abin da ta ɗinko: rigar matashi, murfin na'ura, jakar hannu. Maganar ran nan kuwa ba ta taɓa tayar da ita ba. Allura ta bari tana faɗa mata.

Ranar da Anti ta ajiye aiki, tana fitowa da jakarta, maɗinkiya ta miƙe daga benci hannu babu komai.

"Yau ba tsaraba, ƙanwata?"

"Yau da baki na zo." Ta waiwayi masu jira, ta ɗaga murya daidai yadda ta ɗaga a wancan karon. "A nan na zage ki, a gaban mutane, na ce ba ki da tausayi. Ƙarya na yi miki. Anti, don Allah ki yafe min."